Ungulu Ta Bar Gari, Bola Ta Zauna

Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni filin muƙalar wannan mako. Na san a nan an fi sabawa da tattauna jigo da salo da ƙa'idojin rubutu, amma yau bakin bola zan ja ku, daga nan mu leƙa bayan mayanka. Wanda hancinsa ba ya son wari ya yi mini afuwa.

Duk wanda ya taɓa tayar da maganar kare namun daji a majalisar unguwa ya san amsar da ake ba shi. Kafin ya rufe baki wani zai ce, "Malam, mu da famfonmu ya shekara bai kawo ruwa ba, kwata ta toshe, bola ta cinye rabin layi, tiransifoma ta ƙone tun azumi, kai tsuntsu ne ya dame ka?" Sai a yi dariya, a koma hirar ƙwallo. Ni ban ga laifin mai wannan amsa ba. Mutumin da yake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, matarsa tana kwashe ruwan kwata daga tsakar gida duk daren da aka yi ruwan sama, yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da za a fara da dabba kafin shi. Kuma mafi yawan masu zuwa mana da wa'azin namun daji ba su taɓa zama sun ba shi amsa ba.

Hujjar da nake so in kafa ƙarama ce. Akwai tsuntsuwa guda ɗaya da maganarta da maganar tsaftar unguwa abu ɗaya ne, ita ce ungulu.

Yaushe rabonka da ganin ungulu ido da ido, ba a waya ko talabijin ba? Mu da aka haifa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, da yawanmu a karin magana muka fara saninta. Mun san ungulu da kan zabo, mun san ungulu ba ta jewar banza, mun san in abu ya lalace ana cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Amma ka tambayi tsohon mahauci a Abbatuwar Kano, ko a mayankar kowane babban gari na Arewa, zai gaya maka cewa a da tafiya suke yi a ƙasa tsakanin mahauta kamar kaji, har sai an kore su da sanda. Ranar kasuwar ƙauye kuwa, kan rumfar 'yan nama baƙi ƙirin yake zama da su. Yau ka je wuraren nan ka ɗaga kai. Hankaka za ka gani da shirwa da balbela, a ƙasa kuma karnuka.

Ungulun da muka sani a gari ita ce ƙaramar, mai launin ƙasa-ƙasa, siririn baki, da fuska mara gashi mai ɗan ja, ga wani gashi mai laushi a ƙeya kamar ta yafa mayafi. Ta zaɓi zama da ɗan Adam tun kaka da kakanni. Manyan 'yan uwanta suna can daji, sai an sami mushen saniya ko na raƙumi suke sauka. A 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta saka wannan ungulu tamu ta gari tare da wasu nau'o'i 3 na ungulayen Afirka a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa. A shekarar ne kuma wani bincike da Darcy Ogada ta jagoranta daga Kenya ya nuna cewa nau'o'i 8 na ungulayen nahiyar sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekara 30. Tsuntsuwar da ake kora da sanda ce wannan.

To me ta tsinana mana da za mu yi kewarta?

Ungulu tana cin abin da ya mutu kafin ya ruɓe, kuma cikinta yana da sinadarin narkar da abinci mai kaifin gaske, wanda ke hallaka mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Abin da zai kwantar da kare ko ya kashe mutum, ita abincin rana ne. Har ƙwayar cutar saifa ta dabbobi, irin wadda aka tabbatar ta ɓulla a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023, tana cikin waɗanda masana ke cewa cikin ungulu yana iya wa. Sannan ga sauri. A Kenya an kwatanta mushen da ungulu ta sauka a kai da wanda ba ta sauka ba, aka ga na biyun yana ɗaukar kusan ninki 3 na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi masu ƙafa huɗu da ke taruwa a kansa su ma sun ninka kusan sau 3. Taruwar nan ita ce matsalar. A kan mushe ne kare ke cizon kare, daga nan ya dawo layi inda yaranmu ke wasa.

A Habasha an bi diddigin mayanka 6 daga 2014 zuwa 2019. Yawan ungulu ya ragu, yawan karnuka ya haura ninki biyu, amma duk da ƙaruwar karnukan, ragowar naman da ake cinyewa ya ragu. Wato kare ya gaji kujerar ungulu bai iya aikinta ba.

Labarin da ya fi tayar da hankali na Indiya ne. A farkon shekarun 1990 ungulayen Indiya miliyoyi ne. Sai makiyaya suka fara yi wa shanu allurar dikilofenak, wannan maganin ciwon jiki da mu ma muke saye a kemis. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Kafin a gano dalilin a 2004, a hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushen shanu ya riƙa ruɓewa a bayan gari da bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa ƙiyasin cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, kuma Indiya ta fi mu mushen shanu nesa ba kusa ba, tunda yawancinsu ba sa yankawa. Amma ko ka raba adadin gida goma, ba abin dariya ba ne.

A nan dole in tsaya in ba mutumin majalisa gaskiyarsa, domin masu son ungulu sukan wuce gona da iri. Ungulu ba ta cin leda. Bolar yau ba bolar 1970 ba ce: ledar fiya wata ce, da robar lemo, da famfas, da tsumma, da ɓawon rake a buhu. Ko gobe da safe ungulaye dubu suka sauka a unguwarku, kwatar nan tana nan a toshe. Kwalarar da ta kama mutane fiye da 111,000 ta kashe sama da 3,600 a Nijeriya a 2021, wadda jihohinmu na Bauchi da Jigawa da Kano suka fi jin jiki, daga gurɓataccen ruwa ta zo da bahaya a fili. Duk wanda ya ce rashin ungulu ne ya kawo ta, yana ɓata hujjar da yake son gyarawa.

Rabon ungulu a cikin sharar gari shi ne abin da ke wari: ragowar hanji da tumbi da kitse da fata a mayanka, tunkiyar da ta mutu aka ja ta bakin bola da asuba, kajin gona da aka zubar a buhu, jakin da ya faɗi a hanyar kasuwa. Ku tuna yadda layinku yake kwana uku bayan Babbar Sallah. Kowane gida ya yi layya, kowane gida ya tura abin da ba ya so cikin kwata, zafi ya dafa shi, ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan tuwon yara. Wannan kason shi ne ya fi haɗari ga lafiya, kuma shi ne ma'aikaciyar da ba ta taɓa karɓar albashi ba take ɗauke mana. Ta tafi ba a ɗauki kowa a gurbinta ba.

Ina ta tafi? In ka tambayi dattawa sai su ce zamani ne. Akwai hannun zamani, gaskiya. Ungulu tana sheƙa a kan dogayen itatuwa, irin su rimi da kuka da maɗaci da giginya, mu kuwa duk filin da aka yanka fuloti, itacen ake fara kayarwa. Akwai kuma guba: wani ya zuba maganin ƙwari a mushe don ya kashe karnuka ko kurar da ke yi masa ɓarna, ungulu talatin su sauka su ci. Ga shi ita ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi watanni a hannun iyaye. Kazar gida in ka yanka goma, kafin Sallah ta mayar. Ungulu in ka kashe goma, ka share aikin shekaru.

Amma babban dalili a yankinmu ba zamani ba ne, mu ne, kuma ya kamata mu faɗe shi da Hausa tunda an daɗe ana faɗarsa da Turanci a bayan idonmu. Sayar da ita ake yi. A binciken Ogada, guba da cinikin sassan jiki su biyun ne suka ɗauki kimanin kashi 90 cikin 100 na mutuwar ungulayen da aka ƙirga. A 2013 Yohanna Saidu da Ralph Buij sun wallafa sakamakon zagayen da suka yi a kasuwanni 39 na jihohi 8 na Arewacin Nijeriya, inda suka tattauna da masu sayar da kayan magani 113, akasarinsu Hausawa. Mafi yawan sassan da suka gani na ungulun gari ne. Abin da ya fi ba ni kunya a ciki shi ne da yawa daga kayan ba na gida ba ne, daga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin har Sudan ake kawo su. Mun cinye tamu, mun shiga ta maƙwabta. A 2020 kuma aka tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 a Gini Bisau, an ba su guba, da yawa an yanke kawunansu. Kai shi ne kayan da ya fi tsada.

Me ake yi da kan ungulu? An ce tana hango mushe daga nesa, saboda haka wanda ya yi amfani da kanta zai hango abin da ke ɓoye: sa'ar kasuwa, sa'ar caca, sa'ar takara, ɓarawon da ya ɗauki kaya. Wasu kuma a ce maganin taɓin hankali ne ko farfaɗiya. Ungulu tana hango mushe ne domin Allah ya ba ta ido mai kaifi, kuma tana lura da inda 'yan uwanta suke sauka. Da kanta yana nuna gaibu, da ta hango gubar da aka zuba mata. Mai farfaɗiyar da aka turara wa gashin ungulu kuwa, an jinkirta masa zuwa asibiti ne kawai, inda ake da ƙwayoyin da ke tsayar da faɗuwar.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina game da yadda Bahaushe yake kare tsuntsu ba tare da doka ba. Shamuwa ƙauna ce ta kare ta. Ita ke zuwa da albishirin damina, tana sheƙa a itacen tsakar gida, yaro ya ɗauki danƙo ya nufe ta sai ya sha tsawa daga tsohuwar da ba ta ma san shi ba. Ungulu kuwa ƙyama ce ta kare ta. Ba a cin ta, ba a taɓa ta, ba a son ko inuwarta, shi ya sa ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a kasuwa lafiya. To ƙauna tana iya tsayawa gaban kuɗi ta yi gardama. Ƙyama ba ta iyawa. Ranar da aka sa wa kan ungulu farashi, babu tsohuwar da ta fito ta yi tsawa, domin babu wanda ya taɓa ɗaukar ta tasa.

Doka kam akwai. Tun 1985 Nijeriya take da dokar hana kamawa da fataucin halittun da ke fuskantar ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Ku gwada tambayar mutum goma a layinku ko sun taɓa jin labarinta.

Yanzu mu dawo kan famfo da kwata da bola, domin a nan ne nake ganin mutumin majalisa yake harbin da bai dace ba. Fushinsa daidai ne, amma ba ungulu ce ta ci kuɗin kwashe shara ba. Ban san ko ɗan uwa ya taɓa buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba. Gajere ne, bai kai babi ɗaya na littattafanmu ba. A ciki aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma daga ciki akwai kafawa da kula da mayanka da kasuwanni da tashoshin mota, da gina magudanan ruwa, da samar da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, har da sa ido kan yadda ake ajiye dabbobin gida. Kusan duk abin da ake kuka da shi a majalisa yana cikin wannan shafi. Muna da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. Shekara da shekaru uzurinsu shi ne gwamnoni sun riƙe kuɗin. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko kuɗin ya iso hannunsu ko bai iso ba, yanzu akwai tambayar da za a yi wa kansila da ciyaman, kuma akwai takardar da za a nuna musu. Mu nawa ne muka san sunan kansilan mazaɓarmu?

Dubi tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. A hana zirga-zirga da safe, matasa su fito da shebur su yashe kwata, su tara baƙin taɓo a bakin hanya. In motar kwasa ba ta zo ba, rana ta busar da shi, Adaidaita Sahu ta baje shi, ruwan sama ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake. A unguwarmu na ga an yashe kwata ɗaya sau uku a damina ɗaya, taɓon nan dai shi ne. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in aka ce ya shigo layi mata ke rige-rigen wanke randa. Ba ina cewa a dawo da tsoro ba, amma a lokacin akwai mutum takamaimai da aka san aikinsa ne ya tambayi inda aka kai mushe. Yau tunkiya ta mutu, ba ungulu, ba duba-gari, ba mota. Sai dare.

Masu fafutukar kare halittu su ma suna da nasu kason na laifi. Asabar ɗin farko ta kowane Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya. Yadda aka fi yin irin waɗannan bukukuwa, a kama ɗakin taro a otal, a buga riguna, a yi jawabi da Turanci, a ɗauki hoto. Sarkin fawa yana nan bai sami gayyata ba, alhali a duk garin babu wanda ya fi shi sanin shekarar da ungulu ta fara raguwa, da wanda ke zuwa yana tambayar ta. Abin yabawa a nan shi ne aikin da Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya, NCF, ta yi na zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwa da ganye a maimakon sassan ungulu. Wannan hanya ta fi kama hankali, domin ta gane cewa mai kayan ƙoli a kasuwa abinci yake nema, kuma ba duk mai maganin gargajiya ne boka ba.

Akwai abin koyi a Nefal. A 2006 wata al'umma a yankin Nawalparasi ta buɗe wurin da ake karɓar tsofaffin shanun da masu su suka gaji da ciyarwa, a kula da su har su mutu da kansu ba tare da dikilofenak a jikinsu ba, sannan a ajiye wa ungulu a keɓaɓɓen fili. Manomi ya huta da nauyin saniyar da ba ta da amfani, ƙauye ya sami baƙi masu zuwa kallo, kuma bayan wasu shekaru ƙidaya ta nuna ungulayen ƙasar sun fara farfaɗowa. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne mutanen wurin sun ga nasu rabon. Mu ba mu ajiye tsofaffin shanu, amma muna da mayanka a kowane gari. Fili a bayan mayanka, da katanga da za ta hana karnuka, da 'yan dogayen itatuwa da aka hana sarewa, da yarjejeniya tsakanin mahauta da mai unguwa cewa duk wanda aka gani da tarko ko guba a wurin za a miƙa shi. Wannan bai kai kuɗin motar ciyaman ɗaya ba. A garuruwan da ungulu ta riga ta ƙare ƙaf, wataƙila an makara. A inda ake ganin biyar ko goma, ba a makara ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk rikicin mutum da dabba haka yake da sauƙi. Manomin Alkaleri da giwayen Yankari suka tattake masa masara a dare ɗaya, ko masuncin Yawuri ko na Dadin Kowa da dorina ta kife wa kwalekwale, nasu lissafin daban ne. Duk wanda ya ce musu su yi haƙuri bai kawo diyya ba, bai yi adalci ba. Ungulu kuwa ba ta taɓa cin gonar kowa ba, ba ta taɓa ɗaukar ɗan tsako mai rai kamar shirwa ba. In mun kasa kare wadda ba ta da abokin gaba, ban ga yadda za mu iya da giwa ba.

Sai kuma mu, masu alƙalami. Na karanta littattafanmu na yanar gizo da na bugawa da dama, kuma na lura da yadda muke rubuta boka. Hajiya ta shiga daji da mota, ta cire takalmi, ta shiga da baya. Boka ya ce a kawo kan ungulu da ƙwanta. A kawo. Asiri ya ci. Miji ya juya wa uwargida baya, ya manta da mahaifiyarsa, har babi arba'in. A babi na ƙarshe ne asirin zai karye, Hajiya ta haukace, marubuci ya ce ya yi faɗakarwa. To amma me mai karatu ya tafi da shi? Ya tafi da cewa kayan yana aiki, illa dai ƙarshensa ba kyau. Matar da kishiya ta hana ta barci ba ta karanta babi na ƙarshe da zuciya ɗaya da ta karanta babi na goma ba. Ba da niyya ba, mun zama 'yan tallan kasuwar da ke ƙarar da tsuntsuwar. Ban taɓa cin karo da labarin da aka kashe kuɗi aka kawo kan ungulu, aka binne, sannan babu abin da ya faru ba, miji ya ci gaba da harkarsa, boka ya ce a ƙaro kuɗi. Alhali wannan shi ne abin da ya fi faruwa a zahiri, kuma ga mai iya rubutu ya fi ban dariya da ban tausayi.

Abu na biyu, unguwa ta ɓace daga labaranmu. Jarumi yana fitowa daga falo mai sanyi ya shiga mota mai sanyi ya sauka a ofis mai sanyi. In an nuna talauci, sai a ce "wani ɗan akurkin gida" a wuce. Ina mai garuwa, ina yaran da ke kwashe shara a baro ana ba su naira ɗari, ina mahaucin da ke wanke tumbi a bakin rijiya, ina rigimar maƙwabta kan wanda ya toshe kwata? A nan rayuwar masu karanta mu take. Kuma ba mu san sunayen abin da ke yawo a samanmu ba. Marubuci ya rubuta "tsuntsaye suna kuka" domin bai san bambancin kurciya da hasbiya ba, bai san borin tunke ba, bai taɓa ganin gauraka ba. Abubakar Imam ya ɗora Magana Jari Ce kacokan a bakin aku, har ya kai shi matsayin waziri. Shi ma akun, mai toka-toka da jan wutsiya, tun 2016 yake cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa saboda kamun da ake yi masa ana sayarwa. Nan gaba kaɗan malamin Hausa zai buƙaci hoto kafin ya koyar da karin magana, kamar yadda ake nuna wa yara hoton kuɗin wuri.

Ga roƙona ga 'yan zaure. Muna da mutane a nan daga Sakkwato da Gusau da Azare da Gombe da Maraɗi da Damagaram, har da 'yan uwa na zangon Kumasi da Garwa. Kowa ya ɗauki rana ɗaya cikin makon nan ya je mayankar garinsu da hantsi, lokacin da ake gama fiɗa. Ya ɗaga kai ya ƙirga. Sannan ya nemi mahauci mafi tsufa a wurin ya tambaye shi abu uku: wace shekara ya fara lura sun ragu, a wane itace suke kwana a da, kuma yanzu ina ake kai abin da suke ci. Ya rubuta amsar yadda dattijon ya faɗe ta, da karin harshensa, kada ya gyara masa Hausa. In mutum ashirin suka yi haka, mun sami abin da za a karanta a rediyo, da abin da za a ajiye a gaban kansila tare da Jadawali na Huɗu. Wanda kuma ya ga ungulu da ranta, ya faɗi garin kawai. Kada ya faɗi unguwar ko itacen da take kwana, domin ba mu san duk wanda ke karanta mu ba.